Alhakin jami'a ba ya ƙarewa a bakin ƙofarta

Da asubahin ranar Juma'a, 22 ga Satumban 2023, 'yan bindiga suka shiga ƙauyen Sabon Gida da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu a jihar Zamfara, suka fasa gidajen da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ke haya, suka tasa ƙeyar fiye da mutum 20 zuwa daji, galibinsu 'yan mata. Sojoji sun ƙwato wasu, amma akwai waɗanda sai da suka shafe kusan wata bakwai a hannun maharan. Ba a cika mako biyu da wannan ba sai aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a jihar Katsina, su ma daga gidan haya a cikin gari. Abin da ya haɗa masifun nan biyu shi ne dukkansu sun auku a wajen katangar jami'a, a wuraren da hukumar makaranta ba ta gina ba, amma inda mafi yawan ɗalibanta ke kwana.

Idan irin wannan ta faru, maganar da ke saurin fitowa ita ce ai a wajen makaranta abin ya auku. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin uzuri ba. Uban da ya sayar da hatsinsa ko ya ci bashi ya biya wa 'yarsa kuɗin rajista, ya raka ta tasha ya yi mata addu'a, amana ya damƙa wa jami'a, kuma amanar ba ta tashi daga aiki da ƙarfe huɗu na yamma lokacin da ake rufe ofisoshi. Sannan ɗalibar ba don sha'awa ta kama ɗaki a bayan gari ba. Gado ta nema a ɗakunan kwanan makaranta ba ta samu ba. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa don duba bukatun jami'o'in gwamnati, wanda Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta, ya gano a rahotonsa na 2012 cewa kusan ɗalibi ɗaya ne cikin goma ke samun wurin kwana a cikin makaranta. Daga wancan lokaci zuwa yau an buɗe sababbin jami'o'i da yawa, wasunsu a gefen daji nesa da gari, an kuma ƙara yawan waɗanda ake ɗauka, amma ginin ɗakunan kwana bai bi wannan gudu ba. Jami'ar da ta ɗauki ɗalibai dubu goma alhali tana da gadon dubu ɗaya, ita ce ta tura sauran dubu taran zuwa gidajen haya, don haka ba ta da hurumin cewa ba ruwanta da abin da ya same su a can.

Duk wanda ya taɓa raka ƙanwarsa neman ɗaki a unguwannin da ke maƙwabtaka da jami'o'inmu ya san fasalin gidan da nake magana a kai. Dogon gida ne mai ɗaki goma sha wani abu, ƙofar shigarsa ta kwano ce da sakata ɗaya wadda yaro ma zai iya ɓallewa, katangar baya ba ta wuce kafaɗar babban mutum ba, kuma mai gidan yana wani gari, sai dai dillalinsa ya zo karɓar kuɗin shekara. Babu maigadi, babu fitila a lungun, kuma idan aka ɗauke wuta bayan isha'i sai hasken waya. Yarinya 'yar shekara 18 da ta taso daga lakcar yamma ko daga ɗakin karatu, ita ce za ta tsaya a bakin titi tana jiran a-daidaita-sahu, ta sauka a bakin lungu ta ƙarasa da ƙafa, tana riƙe da wayarta a cikin hijabi don gudun masu ƙwace. Idan aka buga ƙofarsu da tsakar dare, ba ta san lambar wa za ta kira ba, kuma ko ta kira ofishin tsaron makaranta, mai yiwuwa ne wanda ya ɗauka bai taɓa jin sunan lungun ba.

Ba ina cewa jami'a ta zama rundunar soja ba. Yaƙi da 'yan bindiga aikin gwamnati ne, kuma harin da aka kai Kwalejin Gandun Daji ta Afaka da ke jihar Kaduna a Maris ɗin 2021, inda aka kwashe ɗalibai 39, da na Jami'ar Greenfield, ita ma a Kaduna, a watan da ya biyo baya, inda aka kashe biyar daga cikin waɗanda aka sace, sun nuna cewa zama a cikin harabar makaranta ma ba ya hana aukuwar masifa idan jihar kanta ba ta da tsaro. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta ƙasa da ƙasa tun 2015, ta karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a 2021, ta kuma ƙaddamar da shirin kashe sama da naira biliyan 144 kan tsaron makarantu tsakanin 2023 da 2026. Wannan nauyi ne da za a ci gaba da tuhumar gwamnati a kansa. Amma akwai abubuwan da ke hannun shugaban jami'a kai tsaye, waɗanda ba sai an jira Abuja ba. Jami'a na iya tura ma'aikatanta su duba gidajen da ake ba ɗalibai haya, ta gindaya wa masu gidajen sharaɗin katanga da ƙofa mai ƙarfi da maigadi da fitila, sannan ta fitar da sunayen gidajen da ta aminta da su kafin a buɗe zangon karatu. Tana iya zama da masu unguwanni da dagatai da 'yan sintiri da babban jami'in 'yan sanda na yankin a kai a kai, ba sai bayan an yi ɓarna ba. Tana iya ajiye mota ɗaya ko biyu da za su riƙa mayar da ɗalibai unguwanninsu da dare, musamman lokacin jarrabawa. Mun ga yadda jami'o'i ke tsayawa tsayin daka wajen tilasta dokar sutura a bakin ƙofa, kuma ba ni da ja a kan mutunta shiga. Abin da hakan ke nunawa kawai shi ne idan hukumar makaranta ta ɗauki abu da muhimmanci tana samo masa ma'aikata da lokaci.

Sai dai a nan ne maganar ke ƙara nauyi, domin jami'a ba za ta iya kare ɗalibin da ba ta san inda yake kwana ba, kuma da zarar ta tattara wannan bayani ta riƙe abu mai haɗari a hannunta. Takardar da ke ɗauke da sunayen ɗalibai mata, da gidan da kowace take, da lambar wayar mahaifinta da irin aikin da yake yi, ita ce ainihin abin da mai garkuwa da mutane ke nema kafin ya yanke kuɗin fansa. Mutanen Zamfara da Katsina da Kaduna ba sa bukatar a yi musu bayanin ɓarnar da infoma ke yi. A daren 1 ga Oktoban 2012, lokacin da aka kai hari unguwar da ɗalibai ke haya kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi aka kashe aƙalla mutum 25, rahotanni sun nuna cewa maharan suna kiran mutane da sunayensu kafin su kashe su. Saboda haka tsaron rai da rufin asiri ba batutuwa biyu ba ne da za a ba kwamiti biyu daban-daban. Duk jami'ar da ta yi sakaci da na biyun ta buɗe ƙofa ga rushewar na farkon.

Yadda ake mu'amala da bayanan ɗalibai a yau abin damuwa ne ƙwarai. Sabon ɗalibi yakan je shagon kwamfuta a bakin makaranta don yin rajista, ya miƙa lambar shaidar zama ɗan ƙasa da ranar haihuwa da hoto da sakamakon sakandare, har da kalmar sirrin shiga shafinsa, ya karɓi takardarsa ya tafi ya bar kwafin komai a cikin na'urar da mutum ɗari za su taɓa kafin yamma. Fayil ɗinsa mai ɗauke da takardar gwajin lafiya yakan kwana a ƙasan wani ofishi, a tsibi ɗaya da ɗaruruwan irinsa. Idan sakamakon jarrabawa ya fito, a wurare da yawa har yanzu liƙa shi ake yi a allon sanarwa, kuma kafin mai shi ya iso wani ya ɗauki hoton takardar ya watsa a zauren WhatsApp na aji, kowa ya ga wanda zai maimaita kwas da wanda aka sallama. Ga dokar ƙasa kuwa a rubuce. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin sirrin kansa da gidansa da saƙonninsa. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki, ta sanya bayanan lafiya da addini da ƙabila cikin waɗanda ke bukatar kariya ta musamman, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan bayanai suka ɓalle ta hanyar da ka iya cutar da masu su. Jami'a ba ta fita daga cikin waɗanda dokar ta hau kansu ba. Abin da ya rage shi ne kowace jami'a ta rubuta a fili wane ne ke da izinin ganin adireshin ɗalibi, don wane dalili, kuma wane hukunci ke kan ma'aikacin da ya fitar da shi.

Inda rashin rufin asiri ya fi yin kisan mummuƙe shi ne batun malaman da ke neman ɗalibai mata da lalata don ba su maki. A 2018 Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta kori Farfesa Richard Akindele, kuma a Disambar wannan shekara kotun tarayya ta ɗaure shi shekara biyu bayan hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta gurfanar da shi. Abin lura shi ne yadda maganar ta fito: sai da ɗalibar ta naɗi muryarsa a waya, sautin ya zagaya duniya, sunanta da fuskarta suka shiga bakin kowa, kafin gaskiyarta ta yi halinta. A 2019 binciken ɓoye da sashen Africa Eye na BBC ya yi a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana ne ya tilasta ɗaukar mataki a kan wasu malamai. A Agustan 2023 ɗalibai mata na tsangayar shari'a a Jami'ar Kalaba sai da suka fito zanga-zanga da kwalaye kafin aka dakatar da shugaban tsangayar. A dukkan waɗannan, adalci ya samu ne bayan wanda aka zalunta ya sadaukar da sirrinsa. Majalisar Dattawa ta zartar da ƙudirin hukunta irin wannan laifi a manyan makarantu a 2020, amma jami'a ba ta bukatar jiran wata doka kafin ta gyara gidanta.

A ƙasar Hausa farashin da yarinya za ta biya ya fi haka tsada. Wadda ta kai ƙarar malami ta san cewa idan maganar ta fita, tambayar farko da za a yi ita ce me ya kai ta ofishinsa, kuma me ta saka a ranar. Ta san maganar na iya kaiwa gidan wanda zai aure ta, ta san kuma mahaifinta na iya cewa karatun ya isa haka, ta dawo gida, ƙannenta mata ma su rasa damar zuwa jami'a saboda ita. Idan matar aure ce, abin da ke kan faifai aurenta ne. Shi ya sa da yawa ke zaɓar su haɗiye, su maimaita kwas sau biyu, ko su bar kundin digirinsu ya kwana a teburin mai duba shi har shekara. Idan aka ce ɗaliba ta rubuta takardar ƙorafi ta bi da ita ta hannun shugaban sashe, wanda abokin shan shayin wanda take ƙara ne, to an riga an rufe mata hanya tun kafin ta fara. Abin da ake bukata shi ne ofishi mai zaman kansa wanda ba ya ƙarƙashin tsangayar da ake ƙara, da mace mai amana a cikinsa wadda ɗaliba za ta iya zama da ita ba tare da an rubuta sunanta a littafin baƙi ba, da ƙa'idar cewa daga ranar da aka karɓi ƙorafi wani malami daban ne zai duba takardun jarrabawarta, da wa'adin da dole a kammala bincike a cikinsa. Wannan tsari yana kare malamin kirki ma, domin akwai ƙarar ƙarya da ƙazafi, kuma binciken da aka yi cikin sirri da adalci shi ne ke wanke wanda ba shi da laifi kafin a zubar masa da mutunci a intanet.

Haka lamarin yake a asibitin makaranta. Ɗalibin da ya ga ma'aikaciyar jinya na ɗaga murya tana faɗin abin da ya kawo na gabansa a gaban mutanen da ke kan layi, ba zai dawo da maganar damuwar da ke hana shi barci ba, balle maganar ƙwayar da ya fara sha don ya iya karatun dare. Ɗalibanmu na ɗauke da kaya masu nauyi. Waɗanda yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na wata takwas a 2022 ya rutsa da su sun ga digirin shekara huɗu ya zama na shida. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka haura abin da iyaye da yawa ke iya aikowa, kuma mutuwar ɗalibai biyu a turmutsitsin rabon shinkafa a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi a Maris ɗin 2024 ta nuna inda yunwa ta kai. Akwai kuma waɗanda suka dawo daga hannun 'yan bindiga aka mayar da su aji kamar daga hutu suka dawo. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma jami'o'i da dama ba su da ƙwararren mai ba da shawara da ɗalibi zai iya gani cikin kwana ɗaya ko biyu, a ɗakin da ba kowa ne zai gan shi yana shiga ba.

A 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun cimma matsaya kan yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin shan miyagun ƙwayoyi. Matsalar gaskiya ce, domin binciken da aka gudanar da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda. Ba na adawa da gwajin, amma ina da sharaɗi a kansa. Idan sakamakon zai tsaya tsakanin ɗalibi da likita, ya zama hanyar kai shi ga magani da gyara, to alheri ne. Idan kuwa zai bi ofis-ofis har ya faɗa zauren WhatsApp, ya ƙare da takardar kora, to an mayar da yaron hannun dillalan da suka lalata shi tun farko, an kuma koya wa sauran cewa ɓoyewa ta fi neman taimako.

Na san tambayar da iyaye za su yi, kuma tambaya ce mai haƙƙi: shin za a ɓoye wa uba halin da ɗansa ke ciki da sunan rufin asiri, alhali shi ke biyan kuɗin? A al'adarmu da addininmu ɗa ba ya fita daga kulawar iyayensa don ya cika shekara 18, kuma ba na goyon bayan a kwaso tsarin wata ƙasa a ɗora mana ba tare da duba wannan ba. Ra'ayina shi ne idan rai na cikin haɗari, ko ɗalibi ya ɓace, ko ya kwanta asibiti, ko yana neman cutar da kansa, wajibi ne a kira iyaye nan take. A abin da bai kai haka ba, mai ba da shawara ya zauna da ɗalibin ya lallashe shi su sanar da gida tare, ya kuma bar masa zaɓin wanda za a fara gaya wa, ko uwa ce ko yaya ko kawu, domin shi ya san wanda zai saurare shi da wanda zai yanke masa hukunci kafin ya gama magana. Muhimmin abu shi ne a rubuta wannan iyaka, a karanta wa ɗalibai da iyayensu ranar rantsar da sababbin shiga, don kowa ya san abin da za a ɓoye da abin da ba za a ɓoye ba.

Abin da ke sa duk waɗannan tsare-tsare su mutu a cikin kundi shi ne babu wanda ake tambaya a kansu. A Amurka, bayan an kashe wata ɗaliba a ɗakin kwananta a Jami'ar Lehigh a 1986, iyayenta suka matsa har majalisa ta yi doka a 1990 da ta wajabta wa duk jami'ar da ke cin gajiyar tallafin gwamnatin tarayya ta wallafa alƙaluman laifukan da suka auku a cikinta da kewayenta kowace shekara. Mu a nan jami'a na ganin fitar da irin wannan bayani tonon silili ne ga sunanta, shi ya sa uba ke zaɓa wa 'yarsa makaranta bisa jita-jita. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tana aika tawaga ta ƙirga littattafan ɗakin karatu da kujerun ɗakin gwaji da yawan masu digirin digirgir kafin ta amince da kwas, kuma shugabannin jami'o'i na jin tsoron wannan ziyara fiye da kowace. Ina kira ga hukumar da ta sanya waɗannan tambayoyi cikin takardar tantancewar: ɗalibai nawa ke kwana a waje kuma gidaje nawa aka duba, ƙorafi nawa aka karɓa bara kuma nawa aka kammala, wa ke riƙe da bayanan ɗalibai, kuma wace lamba ɗaliba za ta kira da ƙarfe biyu na dare. Sannan tawagar ta kira lambar da kanta, daga ɗaya daga cikin gidajen hayar, kafin ta sa hannu a rahotonta.